Yadda Ake Gane Nau'o'in Darɓa da Ɓarnar da Suke Yi wa Kayan Lambu

Tun da ruwan sama ya ɗauke aka koma ban-ruwa, tambaya ɗaya ce take ta maimaituwa daga masu lambu na bakin Kogin Kaduna, da na fadamun Igabi, Kudan da Zariya, har da masu 'yan fangaloli a bayan gida. Ganyen kuɓewa ko na barkono ya nannaɗe, ya yi danƙo, tururuwa na ta hawa da sauka a jikin kara, an yi feshi sau biyu ko uku amma babu canji, to mene ne wannan, kuma me za a yi? A mafi yawan lokuta darɓa ce, wato ƙananan ƙwarin nan masu taushin jiki da ke taruwa a bayan ganye suna tsotse ruwan shuka. Sai dai darɓa iri-iri ce, kuma akwai wasu ƙwari da ke kama da ita waɗanda maganinsu daban yake. Saboda haka a bi matakan nan yadda aka jera su: sai an gane ƙwaron, an auna yawansa, an duba ko cuta ta riga ta shiga, sannan a zo maganar feshi.

1. Tanadin kayan dubawa

Kayan ba su da yawa, kuɗinsu kuma bai taka kara ya karya ba. Girman darɓa yana tsakanin milimita 1 zuwa 3 ne, don haka abu na farko shi ne gilashin ƙara girma na hannu mai ninka abu sau 10, irin wanda masu gyaran waya da agogo ke amfani da shi. Wanda bai samu ba, kyamarar wayarsa za ta wadatar idan ya matso kusa cikin haske, ya ɗauki hoto ya faɗaɗa shi. Sai farar takarda ko farin faranti, da leda mai tsabta, da ƙaramin littafi da biro.

Yana da kyau a haɗa da tarko. A yanke tsohuwar jarka rawaya gida biyu, a zuba ruwa zuwa rabi, a ɗiga sabulu kaɗan, a ɗora ta a kan dutse ko bulo daidai tsayin shuka. Darɓa mai fukafukai tana bin launin rawaya, in ta faɗa ruwan sabulu ba ta iya tashi.

Hattara: tarkon nan ba ya rage darɓar da ta riga ta zauna a kan ganye. Aikinsa shi ne ya sanar da mai lambu cewa baƙi sun fara sauka. A riƙa sauya ruwan duk bayan kwana biyu ko uku don kada sauro ya yi ƙwai a ciki.

2. Lokacin dubawa da wuraren da ake dubawa

A shiga lambu da sanyin safiya, aƙalla sau biyu a mako. Dalilin wannan yawan zagayen yana cikin yadda ƙwaron ke yaɗuwa. A ƙasa mai zafi irin tamu, macen darɓa ba ta buƙatar namiji kuma ba ta yin ƙwai. Haihuwa take yi kai tsaye, 'ya'yan duk mata ne, kuma cikin kwana 7 zuwa 10 su ma sun fara haihuwa. Mace ɗaya tana iya haifar gommai kafin ta mutu. Wanda ya yi mako biyu bai juya ganye ba, zai iya barin fangali lafiya lau ya dawo ya tarar da shi ya yi baƙi. Idan wuri ya cika ko ganyen ya tsufa, sai a fara haifar masu fukafukai, iska ta kwashe su zuwa lambun da ke gaba.

Ruwan sama mai ƙarfi yana wanke darɓa, shi ya sa take raguwa a tsakiyar damina, a Agusta da farkon Satumba. Lokutan da ta fi ta'adi su ne lokacin da ruwa ya tsaya na 'yan makonni bayan an yi shuka, da ƙarshen damina, da kuma tsawon noman rani.

Kada a tsaya a bakin lambu a duba abin da ido ya kai. A ratsa lambun a karkace daga wannan kusurwa zuwa waccan, a tsaya a kan shuka kamar 20, a haɗa da na gefe-gefe, musamman ɓangaren da iska ke shigowa. A kowace shuka a juya bayan ganye uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa, a buɗe sabon tofo, a duba hudar fure. A kaɗa reshe a kan farar takardar a ga abin da zai zubo. A rubuta shuka nawa ne cikin 20 aka samu darɓa, da ranar da aka duba.

Hattara: sau da yawa a jikin dashe darɓa take shigowa lambu. Duk ɗaurin dashen barkono, tumatir ko kabeji da aka sayo, a kwance shi a duba bayan ganyen tun kafin a kai shi fangali.

3. Tabbatar da cewa darɓa ce

A ƙarƙashin gilashi, jikin darɓa siriri ne ta wajen kai, mai faɗi ta baya, da ƙafafu shida da dogayen gashin kai guda biyu. Alamar da ba ta ruɗi ita ce 'yan bututu guda biyu da suka fito a ƙarshen bayanta suna kallon baya. Babu wani ƙwaron lambu da yake da su. Darɓa ba ta tsalle, ba ta gudu. In an taɓa ta sai ta ɗan motsa a hankali, in an murje ta da yatsa sai ta fashe. Tana yin saɓa sau huɗu kafin ta girma, don haka ana ganin 'yan fararen fatu a warwatse a kan ganye. Mutane da yawa sukan ɗauka waɗannan fatun wasu ƙwari ne daban, su yi ta yi musu feshi.

Ga waɗanda ake rikita ta da su. Farin ƙuda yana tashi tamkar ƙura da zarar an girgiza shuka. Ƙwaron nan mai lulluɓin fari irin na auduga, wanda ya fi kama gwanda, mangwaro da rogo, yana manne wuri ɗaya kuma ba shi da bututun baya. Siraran ƙwarin da ke ɓuya a cikin furen wake da tsakanin ganyen albasa suna da sauri, kuma tabon da suke bari fari ne mai sheƙi. Jan gizo-gizon ganye, wanda ke addabar tumatir da gauta a zafin Maris da Afrilu, ya fi darɓa ƙanƙanta sosai, yana barin yana, ganyen kuma ya yi ɗigo-ɗigo ya ƙone. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi jawo asarar kuɗi idan aka ruɗe, domin yawancin magungunan darɓa ba sa kashe shi, wasu ma ƙara masa yawa suke yi.

4. Bambance nau'in da ya kama shukar

Hanya mafi sauƙi ita ce a fara da shukar da aka same ta a kai, sannan launi, sannan launin bututun baya. Launi shi kaɗai bai isa ba, domin nau'i ɗaya yakan sauya launi gwargwadon zafi da abincin da yake samu. An kawo sunayen da masana ke kiran su da shi saboda wanda zai kai tambaya wurin malamin gona.

Baƙar darɓar wake da gyaɗa, Aphis craccivora. Babbarta baƙa ce mai ƙyalli, ƙananan kuma toka-toka ne marasa ƙyalli, ƙafafun farare da baƙi a ƙarshe. Tana cunkushewa a kan sabon tofo, da jikin kara, da sandar fure, da ɗanyen kwanson wake, har kara ya rufe ruf. Ta fi illa ga wake a makonnin farko bayan tsiro. Ita ce kuma mai ɗauke da cutar kuturtar gyaɗa, wadda za a yi bayaninta a mataki na gaba.

Darɓar auduga da kankana, Aphis gossypii. Wannan ita ce mai lambu a Kaduna zai fi cin karo da ita, domin tana kama kuɓewa, kankana, kokwamba, kabewa, tattasai, attarugu, gauta, yakuwa da rama. Launinta yana tashi daga rawaya mai haske zuwa kore mai duhu har ya kusa baƙi, kuma ana iya samun dukkan launukan a bayan ganye ɗaya. A lokacin zafi takan yi ƙanana rawaya, a sanyin hunturu ta yi manya masu duhu. Ko wane launi jikin yake, bututun bayan baƙaƙe ne daga tushe har ƙarshe.

Koriyar darɓar barkono da dankalin Turawa, Myzus persicae. Kore ce mai haske, wani lokaci ta yi ja-ja ko ruwan hoda. Bututunta dogaye ne kuma launinsu ɗaya da na jikin, ta nan ake raba ta da darɓar auduga idan an same su tare a kan barkono. Ba ta cika cunkushewa ba, takan warwatsu a bayan ganyen ƙasa, don haka ake raina ta. A ganina ita ce mafi haɗari a cikinsu, domin tana yaɗa cututtukan bairas fiye da 100 a tsakanin tsirrai, kuma ta yi suna wajen saurin sabawa da maganin feshi. Tana kama latas, kabeji da tumatir su ma.

Darɓar kabeji, Brevicoryne brassicae. Jikinta a lulluɓe yake da farin gari mai maiƙo, sai tarin nata ya yi ruwan toka. Kabeji da danginsa kaɗai take ci. Tana kutsawa cikin zuciyar shuka, in kuwa kan kabejin ya naɗe da ita a ciki, babu feshin da zai kai gare ta, sai mai saye ya yanka ya gani. Tana da 'yar'uwa mai suna Lipaphis erysimi, wadda ta fi ta kore, garin jikinta bai kai nata ba, kuma ta fi jure zafi. Ɓarnarsu da maganinsu ɗaya ne.

Darɓar masara da dawa. Akwai mai launin kore da shuɗi-shuɗi, Rhopalosiphum maidis, wadda ke zama a cikin naɗin sabon ganye da kan furen saman masara. Akwai kuma rawaya, Melanaphis sacchari, wadda ke bin bayan ganyen dawa da rake tun daga ƙasa tana hawa, ita ce mai zubar da danƙon da manoman dawa suka sani sarai a ƙarshen damina.

Darɓar lemu, Toxoptera citricida da Toxoptera aurantii. Baƙaƙe ne ko ruwan ƙasa mai duhu, kuma sabon tofo kawai suke kamawa. Babbar bishiya tana jurewa, amma ƙaramin dashe yakan tsumbure. Ta farkon tana yaɗa cutar tiristeza mai kashe bishiyar lemu.

Wanda yake son ya horar da idonsa, ya nemi tumfafiya a gefen hanya. Kusan kullum ana samun wata darɓa rawaya shar mai baƙaƙen ƙafafu da baƙin bututu a jikinta, Aphis nerii, kuma da yake launinta a bayyane yake, duk sassan da aka ambata suna fitowa fili.

5. Karanta ɓarnar da ke jikin shuka

Ɓarnar darɓa hawa uku ce, kuma sanin hawan da aka kai shi ne zai nuna ko akwai sauran abin cetowa.

Na farko shi ne tsotso. Darɓa tana soka siririn bakinta cikin jijiyar ganye tana shan ruwan abincin da shuka ta haɗa. Sabon ganye sai ya tattare ya lanƙwasa ƙasa, tofo ya daina tsawo, fure ya zube, 'ya'ya su yi ƙanana. Ƙaramar shuka tana iya mutuwa gaba ɗaya. Shukar da ta yi ƙarfi kuwa, in aka kawar da ƙwarin, sabon ganyen da zai fito lafiyayye ne, ko da yake wanda ya riga ya nannaɗe ba zai miƙe ba.

Na biyu shi ne danƙo. Ruwan da darɓa ke sha sukari ya yi masa yawa, sai ta riƙa fitar da ragowar yana ɗiga a kan ganyen da ke ƙasa. Wannan danƙon ne ke jawo tururuwa da ƙudaje, kuma a kansa baƙar fumfuna take tsirowa. Fumfunar ba ta shiga cikin ganye, amma tana tare hasken rana, kuma tana karya darajar kaya, domin kuɓewa ko tattasan da ya yi baƙi-baƙi ba ya samun farashi a kasuwa. Gwajinta mai sauƙi ne: a jiƙa yatsa a goge, in baƙin ya fita ya bar koren ganye, fumfunar darɓa ce, kuma sayen maganin cutar ganye dominta asarar kuɗi ne.

Na uku, wanda ya fi duka muni, shi ne cutar bairas. Darɓa mai fukafukai takan sauka a kan shuka mai cuta ta ɗanɗana, ta tashi ta sauka a kan lafiyayya ta sake ɗanɗanawa, kuma ga yawancin cututtukan barkono, kankana, kokwamba, gwanda da wake, ƙasa da minti ɗaya ya isa cutar ta shiga. Alamunta su ne ganye ya yi dabbare-dabbare, kore mai duhu da mai haske, ya ƙanƙance ko ya yi ƙuraje, shukar ta tsumbure, 'ya'yan su fito a karkace. Babu maganin feshi ko taki da ke warkar da shukar da bairas ya kama. Girman wannan haɗarin ba sabon abu ba ne a wurinmu: a shekarar 1975 annobar kuturtar gyaɗa ta lalata kimanin hekta 700,000 na gyaɗa a arewacin Nijeriya, asarar da aka ƙiyasta ta kai dala miliyan 250, kuma baƙar darɓar nan ce ta yaɗa ta.

Hattara: kada a rikita bairas da yunwar taki. Ƙarancin takin da ke sa kore yana farawa ne daga tsofaffin ganyen ƙasa, rawayar ta zama bai ɗaya, kuma yakan shafi fangali gaba ɗaya. Bairas ya fi bayyana a sabon ganye, yana kama shuka nan da can. Haka kuma ganyen tumatir da ya lanƙwasa sama ya yi rawaya a gefe, yawanci aikin farin ƙuda ne.

6. Duba masu cin darɓa kafin yanke shawara

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma tsallake shi ne ke sa mutum ya yi ta sayen magani har ƙarshen rani. A cikin kowane tarin darɓa a nemi abubuwa uku. Akwai ɗan buzuzun nan mai zagayayyen baya, ja ko rawaya da baƙin zane, wanda ke iya cin darɓa gommai a rana. Ƙwansa rawaya ne, a tsaitsaye a jere a bayan ganye, ɗansa kuma baƙi ne mai tsawo da ɗigon rawaya, siffarsa kamar ɗan ƙaramin kada. Abin takaici, manoma da yawa sukan murje wannan ɗan da zaton shi ne mai ɓarnar, alhali kafin ya girma yana cinye darɓa ɗaruruwa. Akwai koriyar tsutsa marar ƙafa da ke rarrafe a tsakiyar tarin, 'yar wani ƙuda ne mai kama da ƙudan zuma, ita ma darɓa take ci. Sannan akwai darɓar da za a gani ta kumbura ta bushe ta yi ruwan ƙasa, wani lokaci da ɗan rami a bayanta. Wata 'yar mitsitsiyar rina ce ta yi ƙwai a cikinta.

Shawarata ita ce, idan shukar ta yi ƙarfi, darɓar tana kan biyu ko uku cikin 20, kuma ana ganin masu cinta, a dakata kwana uku a sake ƙirgawa. Idan adadin yana hawa, ko shukar ƙarama ce, ko kabeji ya kusa naɗe kai, ko an ga alamar bairas a lambun ko a na maƙwabci, kada a jira.

7. Aikin hannu da ruwa

A fara da tuge duk shukar da bairas ya kama. A rufa mata leda tun tana tsaye don kada ƙwarin jikinta su zube a kan na kusa, a fitar da ita daga lambu a binne ko a ƙona. Tofon da darɓa ta cika shi a tsinke shi a sa a leda. Sauran kuma a wanke bayan ganye da ruwa mai ƙarfi daga tiyo ko injin feshi da safe, domin yawancin waɗanda suka faɗo ƙasa ba sa iya komawa.

A bi sawun tururuwa. Saboda danƙon da take sha, tururuwa tana gadin darɓa, tana korar masu cinta, har takan ɗauke ta zuwa sabon tofo. A tone gidanta idan yana cikin fangali. A jikin lemu, a naɗa leda a gindi a shafa mata maiƙo mai kauri, a sare rassan da ke taɓa ƙasa ko katanga.

Hattara: yawan takin yuriya yana sa ganye ya yi laushi da ruwa, irin wanda darɓa ta fi so. Wanda ya ga ganye ya tattare ya ƙara yuriya don shukar ta farfaɗo, ƙwarin ya ciyar. A raba takin kashi-kashi, kuma kada a bar shuka da ƙishirwa.

8. Feshin sabulu da na dalbejiya

Ga ƙaramin lambu da kayan ganye, waɗannan biyun sun isa idan aka fara da wuri. A narka babban cokali ɗaya na sabulun ruwa, kimanin mililita 10 zuwa 15, a cikin lita ɗaya ta ruwa. Sabulu yana kashe wadda ya jiƙa ne kawai, in ya bushe aikinsa ya ƙare, saboda haka a juya bakin feshi sama a jiƙa bayan ganye sosai.

Na dalbejiya ya fi daɗewa yana aiki. A samo busassun 'ya'ya, a ɓare, a daka giram 500 na ƙwayar, a jiƙa a lita 10 ta ruwa ya kwana, wato giram 800 ga injin goyo mai lita 16. Da safe a tace da ƙyalle mai laushi sau biyu don kada ya toshe bakin feshi, a ƙara sabulu kaɗan don ya kama ganye, a fesa da yammacin ranar. Hasken rana yana kashe ƙarfinsa, kuma ba a ajiye ragowarsa. Dalbejiya ba ta zubar da ƙwari nan take. Tana hana su ci da girma, sai bayan 'yan kwanaki ake ganin raguwa. A maimaita duk bayan kwana 5 zuwa 7 har sau uku, ana ƙirgawa a tsakani. Kuɗin wannan aikin bai wuce na sabulu da wahalar daka ba, ga wanda ya tara 'ya'yan a lokacin da suke zuba.

Hattara: a gwada kowane haɗi a kan shuka biyu ko uku a jira kwana ɗaya kafin a fesa wa lambu duka. Garin sabulun wanki yana ƙona ganye, haka ma feshi da tsakar rana. Ruwan taba kuwa a guje shi baki ɗaya, domin guba ne ga mutum, kuma yana iya ɗauko cutar bairas zuwa tumatir da barkono.

9. Maganin kanti, idan ya zama dole

A sayi magani a shagon da aka sani, a cikin kwalbarsa ta asali, mai lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Kada a tsaya ga sunan kasuwa, a karanta sunan sinadarin da ke ciki yadda aka rubuta shi a jikin kwalba. Imidacloprid da acetamiprid suna shiga jikin shuka, don haka suna kaiwa ga darɓar da ta ɓuya a cikin nannaɗaɗɗen ganye. Cypermethrin da lambda-cyhalothrin sun fi araha kuma suna saurin zubar da ƙwari, amma suna share masu cin darɓa, sai ta dawo fiye da da. Biyun farko gida ɗaya ne, wato hanyar da suke kashe ƙwari iri ɗaya ce, biyun ƙarshe ma gida ɗaya ne. Wanda ya bar imidacloprid ya koma acetamiprid bai sauya magani ba. Kada a yi amfani da gida ɗaya fiye da sau biyu a jere, kuma a auna da ma'aunin da aka rubuta, ba da murfin kwalba bisa ƙiyasi ba.

Abin da ya fi komai muhimmanci a jikin takardar shi ne adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka. Kuɓewa da kokwamba ana tsinkarsu ne duk bayan kwana biyu ko uku, latas kuma ɗanye ake cinsa, saboda haka da zarar an fara tsinka, a koma ga ruwa da sabulu da dalbejiya. Abincin mutane ne, kuma mai lambu shi kaɗai ya san abin da ya fesa.

Hattara: kada a fesa fiya-fiya ko wani haɗin da ba shi da takarda a kan kayan miya. Kada a yi feshi da safe a kan kankana, kokwamba ko kabewa masu fure, domin waɗannan magungunan suna kashe ƙudan zuma, kuma in babu shi ba za su yi 'ya'ya ba. A sa doguwar riga, safar hannu, takalmi da abin rufe hanci, a bai wa iska baya. Injin da aka yi feshin ciyawa da shi kada a taɓa kayan lambu da shi sai an wanke shi sosai. Kada a wanke inji a bakin kogi ko rijiya, kwalbar da ta ƙare kuma a huda ta don kada wani ya zuba mai ko ruwan sha.

10. Tsare lambu kafin shuka ta gaba

Da an gama girbi a tuge tsofaffin itatuwan kuɓewa, barkono da kututturen kabeji, kada a bar su tsaye suna renon ƙwari. Gyauron gyaɗa da na wake da ke tsirowa a fadama da rani su ne matattarar baƙar darɓa da cutar kuturta har damina ta dawo, a cire su. Kada a yi sabon dashe a jikin tsohon fangali mai cuta, musamman ta ɓangaren da iska ke bi.

A rufe wurin renon iri da raga mai ƙananan ramuka tun daga tsiro har ranar dashe, domin shukar da bairas ya kama tana ƙarama ita ce ba ta ba da komai. Layi biyu ko uku na masara ko dawa a kewayen barkono, waɗanda aka shuka makonni kafin dashe, suna rage shigar cuta, domin darɓar da ta fara sauka a kansu takan goge bairas ɗin da ke bakinta a can. Ga mai gyaɗa, shuka da wuri da matse tazara don ganye ya rufe ƙasa da sauri suna rage saukar darɓa, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar da irin da ke jure kuturta, kamar SAMNUT 21, 22, 23 da 24.

Idan an bi matakan nan kuma har yanzu ba a tabbatar da abin da ake gani ba, a tsinko reshe mai ƙwarin da wani mai lafiya, a sa kowanne a ledarsa, a ajiye a inuwa, a kai wa malamin gona na hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Kaduna (KADA) da ke yankin ko cibiyar ta Samaru a ranar. A tafi da littafin da aka riƙa rubuta ƙirga a ciki, da kwalbar duk maganin da aka riga aka fesa.